Jirgin Gwanjo

Uwargida da amarya, ku matso mu yi maganar gwanjo, amma ba na Ƙofar Wambai ba.

A ranar 19 ga Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya tashi zuwa Faransa cikin wani ƙaton jirgi ƙirar Airbus A330 da gwamnati ta sayo masa. Ba sabo ba ne, na hannu ne, ya kai shekara 15 a duniya. Jaridu suka ce ya ci kimanin dala miliyan 100. Kakakin shugaban, Bayo Onanuga, ya fito ya ce wai an yi tsintuwa, ƙasa da kuɗinsa aka samo shi, kuma tsohon Boeing 737 na zamanin Obasanjo ya shekara 19, gyaransa ya ishi kowa.

To ni dai a nan na tsaya. An gudu daga mai shekara 19 an faɗa wa mai 15, shi ne dabarar?

Kada ku ce ina ƙyamar kayan hannu. Mu mutanen Gwarzo da Kabo ai ba za a koya mana wannan ba. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, kuma da jiragen da Turawa suka fara mora ya yi ta jigilar alhazai, har da manyan Boeing 747. Da yawa cikin iyayenmu da su suka sauke farali. Amma shi kasuwanci yake yi. Jirginsa na tashi da ɗaruruwan mutane, kowa ya biya kuɗin kujera, in an yi asara shi ta shafa. Wannan fa? Mutum ɗaya da 'yan rakiyarsa, daga baitulmali.

Duk wadda ta taɓa sayen firji ɗan Beljiyam ta san ba ranar ciniki ake kuka ba. Sai an kawo shi gida, yau gas, gobe kwamfireso, jibi mai gyara ya ce kayan sai an aiko daga Legas. Haka jirgi yake, har ya fi. Ana lissafa masa awannin tashi da yawan sauka, in lokaci ya cika dole a kwance shi a duba, ko yana aiki ko yana kwance. Ga matuƙa, ga inshora, ga mai, kuma yawanci da dala ake biya. Shi wannan ma a 2025 sai da ya yi watanni a Afirka ta Kudu ana masa fenti. Kakakin ya gaya mana arahar saye, bai kawo mana lissafin riƙo ba, alhali araha ba ta ado.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin. A farkon watan nan na Agusta ne matasa suka fito zanga-zangar yunwa, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita a Kano. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 mace mai ciki a ƙauyukan Gwarzo sai ta yi lissafin kuɗin mota kafin ta je awo, wata ta haƙura ta zauna. Ana ce mana a ƙara haƙuri, a ɗaure ciki. Mun ji. Amma wace ce cikinku za ta yi shiru in maigida ya ce babu kuɗin cefane, la'asar na yi sai ga shi da mota, yana murmushi wai ai ta hannu ce, da araha ya samo?