Doka da 'Yancin Magini a Tsofaffin Biranen Hausa

Waɗansu masu tsara gari su kan ce tsofaffin biranen Hausa ba bisa doka aka gina su ba, wai kowa ya aza tubalinsa inda ya ga dama. Wanda ya ratsa lungunan Kano ko Zariya da lura ba zai karɓi wannan magana ba. Doka tana nan, sai dai ba a ofis ta ke ba. Magini bai isa ya huda taga inda za a hango tsakar gidan maƙwabci ba, bai kuma isa ya juya indararo ya zuba a gidan wani ba. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da bayyana waɗannan hukunce-hukunce, har wani magini mutumin Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara su cikin littafi a ƙarni na 14.

Abin lura shi ne, wannan doka cuta kaɗai ta hana, siffar gini kuwa ta bar wa mai shi. Don haka aka sami zaure kowane da irin fuskarsa, da zankwaye, da zanen bango. Ko itacen azara ma, da ba ya ɗaukar nauyi in faɗin ɗaki ya yi yawa, bai daƙile magina ba. Shi ya kai su ga ɗaurin guga da bakan gizo, waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya cikin ƙarni na 19.

Dokar Turawa wata hanya ta bi. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar garuruwa, tsarin kuma ya bukaci a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Watau awo ya maye gurbin haƙƙin maƙwabci. Dokokin gini da suka biyo baya sun gaji wannan hali: a ja da baya daga titi, a bar rata ta kowane gefe, gida ya zauna tsakiyar fuloti, tagogi na duban waje. Bahaushe ya bi umurni, sa'an nan ya kewaye gidan da doguwar katanga, gama sirrin da tsakar gida ke ba shi a dā ya ɓace.

Ba a ce awo ba shi da amfani ba. Lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, da kwatar da ba ta da mafita, shaida ne a kan tsohon tsari. Amma inda tsohuwar doka ta mutu, sabuwa kuma ba ta kama ba, abin ya fi muni: ganuwar Kano, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, an yi ta yankanta ana kafa shaguna da gidaje, har wurare da yawa sai an nuna wa mutum inda ta bi.