Yaro A Matsayin Makami: Sharhi Kan Littafin "Jiki Magayi"

Daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar rubutu ta 1933, "Jiki Magayi" na John Tafida da Rupert East ya fita daban. "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam raha ce da yawon duniya, "Ganɗoki" na Bello Kagara kuwa jarunta ce. Shi "Jiki Magayi" baƙin ciki ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma wanda ya fi kowa shan wahala a cikinsa yaro ne da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Malam Shehu, attajirin garin Galma, ya daɗe ba haihuwa. Ya sa dukiya da asiri ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar, ya aure ta, ta haifa masa ɗa namiji da ake kira Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman maganin ramuwa. Da ya samo, bai taɓa jikin abokin gabarsa ba, sai ya fuskanci yaron. Kyauta ya lalace, ya zama ɓarawo, kunya ta kori iyayensa daga gari, daga baya ya kashe mahaifinsa wajen sata ba tare da ya gane shi ba.

An saba karanta littafin a matsayin gargaɗi kan auren dole da ƙarfin kuɗi. Hakan gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi shi nauyi. Babu babba ko ɗaya a labarin da ya ɗauki Kyauta a matsayin mutum. A wurin uba magaji ne, abin rufe bakin masu gori. A wurin Abubakar mashi ne da za a soka a zuciyar uban. Muguntar Abubakar ta fi kisa zafi, domin ya gane cewa mai ɗa ya fi jin ciwo a jikin ɗansa fiye da nasa jikin.

Malaman faransanci za su tuna da Edif na Sofokil, wanda shi ma ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Bambancin shi ne ƙaddara ce ta ja Edif, Kyauta kuwa hannun mutum ne ya tura shi. Haka kuma in an gwada shi da "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda satar yaro da cinikin bayi suka raba uwa da ɗa. Irin wannan rabuwa tana cikin tarihin Maraɗi da Tibiri, waɗanda yaƙe-yaƙensu da daular Sakkwato a ƙarni na 19 suka watsa gidaje ta kowane ɓangare. To, Umar baƙo ne ya sace shi, har ya sami ilimi ya zama malami. Kyauta a gaban iyayensa aka sace hankalinsa.

Littafin yana da rauni biyu. Na farko, asiri ya ɗauke wa manya nauyi: tunda magani ne ya ɓata yaron, ba a tsaya an tuhumi tarbiyya da shagwaɓa yadda ya kamata ba. Na biyu, Zainabu, wadda aka raba da masoyi, da ɗa, da miji, ba a ba ta isasshen bakin magana ba.

Wannan raunin kansa ƙofa ce ga malami. In ɗalibai a Maraɗi ko Jiratawa suka cire maganin daga labarin, me zai rage? Uban da ke zuga ƴaƴa su ƙi uwarsu bayan saki, kishiyar da ke huce haushi a kan ɗan kishiyarta, da mai tura yaro bara ya zauna jiran kwano. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ma suna iya ɗora labarin a dandali ta bakin Zainabu. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. "Jiki Magayi" ya nuna cewa mugu ma ya san wannan karin magana.