Daga Kaset Zuwa Faifai: Nazarin Al'adar Juye Bidiyon Gida

A ƙarƙashin talabijin na gidaje da yawa akwai wata durowa da ba a cika buɗewa ba. Cikinta fayafayai ne masu ƙyalli, wasu a leda, wasu haka nan, an bi su da rubutun maka: "Kamu", "Sunan Abba", "Sauka", "Dina 1", "Dina 2". "Dina 3" ya tafi aro gidan maƙwabta bai dawo ba. Waɗannan fayafayai su ne ragowar wata al'ada da ta yi tashe kusan shekara goma sha biyar, wato ɗaukar hidimar gida da kyamara sannan a kai shago a juye ta a faifan da za a kalla a na'urar DVD. Mutane sun ɗauki aikin tamkar kwashe hatsi daga buhu zuwa rumbu. Amma wanda ya zauna kusa da mai juyewa ya san akwai zaɓe a cikinsa, akwai tankaɗe, kuma dusar da aka zubar ta fi tsabar daraja a yau.

Yadda kyamara ta shigo tsakar gida

Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. A 1983 Sony ta haɗe kyamara da na'urar naɗa a jiki ɗaya, a 1985 ta kawo Handycam mai ƙaramin kaset, sannan a 1995 aka samu MiniDV wanda ke naɗa hoto da lambobin kwamfuta. Da waɗannan kaya suka iso ƙasar Hausa, sai aka samu sabuwar sana'a: mai bidiyo, da kyamara a kafaɗa, da yaronsa riƙe da fitila mai zafi yana jan waya a bayansa. Irin wannan kyamara ce ta haifi fim ɗin Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Shi ya sa bidiyon biki da fim ɗin Kannywood suka tashi kamar 'yan ɗaki ɗaya, kowanne na ara daga ɗan'uwansa.

Kaset yana da lalurarsa. Zafi da ƙura suna cin sa, na'ura kan tauna zaren, kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya ƙara dusashewa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi nazarin yadda yawan kwafar kaset a Kano ya saba wa masu kallo da hoto mai hazo da sauti mai ƙara. Don haka da faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, da na DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, suka cika kasuwa tare da na'urorin China masu araha, sai aka karɓe su hannu bibbiyu. Ga faifai ba nauyi, ba a mayar da shi baya, kuma kwafi na goma daidai yake da na farko.

Abin da ke faruwa a shago

Juye kaset ba ya gaggawa. Kaset mai awa uku sai ya yi awa uku yana juyawa kafin ya gama shiga kwamfuta, domin kunna shi ake yi tana naɗa. Daga nan lissafi ke farawa. Faifan VCD ba ya wuce kamar minti 80, hotonsa kuma ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, wato kusan awa biyu idan ana son hoto mai kyau, alhali awa ɗaya ta MiniDV kaɗai tana cin kusan gigabait 13. Ke nan dole a matse, ko a yanke, ko a ƙara fayafayai, kuma kowane ƙarin faifai ƙarin kuɗi ne.

Matsewar tana da inda take ciwo. Tsarin MPEG da ake matse bidiyon da shi yana rage nauyi ne galibi ta hanyar adana abin da ya canza tsakanin hoto da hoto. Idan liman yana zaune yana ɗaura aure, hoton kan fito garau. Amma da an shiga fili, ƙawaye sun taso da anko mai ƙananan zane, ana rawa ana liƙi, kuɗi na tashi sama, sai fuskoki su farfashe su koma ƙananan murabba'ai. Wato inda biki ya fi armashi, nan faifai ya fi gazawa.

Akwai kuma tarkon da ya kama masu koyo da yawa. Mutum zai kwafi bidiyo ya zuba a faifai kamar yadda ake zuba takardu, ya gwada a kwamfuta ya ga yana yi, a kai gida na'ura ta ce babu faifai. Dalili shi ne na'urar DVD ta asali tana neman wani tsari na musamman, jaka mai suna VIDEO_TS da fayilolinta a jere, wanda manhaja irin su Nero ke shiryawa. Haka kyamarorin da ke naɗa kai tsaye a ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8: in ba a rufe faifan a cikin kyamarar ba, wata na'ura ba za ta karanta shi ba. Sannan ga bambancin ƙasashe. Nijeriya tana kan tsarin PAL mai hoto 25 a daƙiƙa, Amurka tana kan NTSC mai kusan 30, don haka faifan da aka aika wa ɗan'uwa a can yakan ƙi buɗewa a na'urarsa. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugawa, faifan ya tashi aiki, sai dai yara su rataye shi a keke.

Salon da faifai ya haifar

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne yadda juyewa ta zama tacewa. Tunda hoto ya shiga kwamfuta, mai shago ya zama darakta. Bidiyon gida ya samu ƙa'idojinsa: a buɗe da bisimilla da furanni, sunayen ango da amarya su shigo suna juyi, hotunansu su riƙa naɗewa kamar shafin littafi, sai a ɗora waƙa. Da farko waƙoƙin fim ake ɗorawa, daga baya aka koma sa mawaƙi ya yi wa ma'auratan tasu ta musamman da sunayen dangi a ciki.

Ita ma kyamarar tana da nata ladabi. Takan bi layin kujeru a hankali, fuska bayan fuska, ba ta tsallake kowa. Baƙo zai ce wannan ɓata lokaci ne, amma a wurin masu biki nan ne zuciyar faifan. Rajistar zumunci ce: wa ya zo, wa ya yi anko, wa ya fito ya yi liƙi. Wanda mai tacewa ya yanke shi kuwa, sai an ba shi haƙuri.

To me ake yankewa don a samu wuri? Abin da ake ganin ba biki ba ne. Mata a bayan gida suna tuƙa tuwo, yara na guje-guje a soro, tsofaffi a kan tabarma suna taɗi, sai kuma sautin wurin baki ɗaya, wanda waƙa ke dannewa. Na ga wannan a gidanmu. A faifan bikin yayata akwai wurin da kyamara ta tsaya kan kakarmu kusan rabin minti. Ta kama hannun amarya, bakinta yana motsi, matan da ke gefe suka fashe da dariya, ɗaya har da rufe fuska da mayafi. Me ta ce? Waƙar da aka ɗora ce kawai ke tashi. Kaset ɗin asali an bar shi a shago, domin a lokacin kowa na ganin an gama da shi. Kaka ta rasu, shagon ma ya koma wurin sayar da waya.

Kallo da amana

Faifai ya zo da tasa zamantakewa. Bayan biki da mako biyu ko uku sai a ji "faifai ya fito", a taru a ɗakin amarya, rimot a hannun wadda ta fi kowa baki. A tsayar, a mayar, a yi sharhin ɗaurin wance da kwalliyar wance. Ana buga kwafi biyar ko goma a rarraba, wani ya bi alhaji, wani ya bi ɗalibi zuwa ƙasar waje. Sai dai sauƙin kwafi ya zo da fargaba. Hidimar mata da aka yi cikin gida, ba mayafi ba baƙon ido, yanzu tana zaune a kwamfutar wani saurayi a bakin kasuwa. Wannan ne ya sa wasu gidaje suka riƙa neman mace mai ɗauka, wasu kuma suka hana kyamara shiga wasu wurare gaba ɗaya.

Alƙawarin da bai cika ba

An sayar mana da faifai a kan cewa ba ya lalacewa. Gaskiyar ita ce faifan da aka buga a shago daban yake da na masana'anta. Na masana'anta hatimi ake danna masa. Na shago kuwa wani siririn rini ne a cikinsa, hasken laser ke ƙona shi ɗigo-ɗigo, kuma rini ba ya shiri da rana da zafi da laima. Ga karce daga hannun yara. Kaset in ya tsufa yakan dusashe ne sannu a hankali, ana dai gane fuska. Faifai kuwa maƙalewa yake yi, ya yi tsalle, wata rana ya ƙi buɗewa sam. Su ma na'urorin suna ƙarewa: kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, kuma yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da wurin sa faifai.

Saboda haka faifan DVD ya yi kyau a matsayin tsaraba da abin taruwa a kalla, amma bai cancanci zama ma'aji ba, kuma kuskurenmu shi ne da muka ba shi aikin da ba nasa ba. Wanda har yanzu yake da kaset ɗin asali, ya riƙe shi da kyau, ya nemi a sake juye shi cikakke, ba yanka ba waƙa, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wanda faifai kaɗai ya rage masa, ya buɗe durowar nan tun yana karantuwa. Jikoki ba za su tambayi furannin da ke juyi a farkon bidiyo ba. Za su so su ga tsohon gidan kafin a rushe shi, su kuma ji muryar wadda aka sa musu sunanta.