Sanarwar Imel a Linux: Buɗaɗɗiyar Ƙa'ida Ta Fi Ƙunshin Burauza

Tun da Hotmail ta fito a 1996, Gmail kuma ta biyo baya a 2004, jama'a da yawa suka koma karanta wasiƙunsu a cikin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Sauyin ya kawo sauƙi, amma ya bar giɓi, domin shafin imel bai san komai game da sauran kwamfutar ba, kuma da zarar an rufe shi babu mai gaya wa mutum cewa saƙo ya iso. Masu amfani da Linux, babbar manhajar da kowa ke da 'yancin duba rubutunta da gyara shi, sun daɗe suna cike wannan giɓi da kansu, sai dai hanyar da ake yayi a yanzu ci baya ce.

Aikin sanar da isowar wasiƙa tsoho ne, tun da manhajar biff ta fara yin sa a babbar manhajar BSD a 1980. Bayan zuwan Gmail an samu ƙananan manhajoji irin su CheckGmail, wadda ke zaune a gefen allo tana ƙirga sabbin saƙonni, da GNOME Gmail, wadda ke buɗe shafin rubuta wasiƙa idan an latsa adireshin imel a cikin wata manhaja. Kamfanin Canonical ya yi yunƙuri mafi girma a 2012, lokacin da ya haɗa shafukan intanet da teburin Unity, wato fuskar allon nau'in Linux mai suna Ubuntu, amma da ya yi watsi da Unity a 2017, shekarar da teburin GNOME ma ya cire tsohon wurin ajiye gumaka, manhajojin da suka jingina da su suka rasa mazauni. Duk abin da aka gina a kan teburi ɗaya yakan tafi tare da shi.

Abin da ake yayi yanzu shi ne a ƙunshe shafin imel a cikin Electron, wani kayan gini da kamfanin GitHub ya fitar a 2013, wanda ke ɗauke da cikakken injin burauzar Chromium. Haka aka gina Franz da Rambox da Ferdium. Masu yin haka suna da hujja: rubutu ɗaya yana aiki a Linux da Windows da macOS, mutum kuma yana ganin akwatinsa yadda ya saba. Ga shi kuma a 2022 Google ya daina barin manhajojin waje su shiga da kalmar sirrin asusu kawai, ya karkata su zuwa OAuth, tsarin da ke ba manhaja takardar izini a maimakon kalmar sirri, abin da ya ɗora wa ƙananan masu sa-kai nauyin rajista da tantancewa.

Duk da haka kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kowace irin wannan manhaja burauza ce ta biyu da ke kunne dare da rana, tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da batir don kawai ta ce saƙo ya zo, alhali da yawa daga masu komawa Linux suna yin haka ne don su raya tsohuwar kwamfuta. Mafi muni shi ne batun tsaro, domin idan aka toshe wata kafa a Chromium, gyaran ba ya isa ga manhajar sai mai kula da ita ya sake fitar da ita, kuma a cikinta ake buɗe wasiƙun baƙi.

Hanya mafi dacewa tana nan tun tuni. Ƙa'idar IMAP, wadda manhajoji ke karanta wasiƙu da ita daga kwamfutar da ke ajiye su, ta samu ƙari mai suna IDLE a 1997, wanda ke sa ita kwamfutar ta sanar da isowar saƙo nan take ba tare da an yi ta tambayarta ba. Teburan GNOME da KDE da Xfce sun yarda da ƙa'idar sanarwa guda ta freedesktop.org, GNOME kuma yana da ma'ajiyar asusu tun 2011, wadda ke riƙe izinin OAuth a madadin sauran manhajoji. Manhajar sanarwar imel ta Mailnag ta nuna cewa idan aka haɗa waɗannan uku, ƙaramar manhaja ta wadatar.

Saboda haka ya kamata masu shirya nau'o'in Linux irin su Debian da Fedora da Ubuntu su ɗauki sanarwar imel a matsayin ɓangaren teburi, su ba ta masu kula na dindindin, su kuma ɗauke wa masu sa-kai nauyin rajista da kamfanonin imel. Masu amfani kuma su fifita kamfanin da ke barin ƙofar IMAP a buɗe, ko ta JMAP, sabuwar ƙa'idar da aka amince da ita a 2019, domin muddin mutum ba ya iya isa ga wasiƙunsa sai ta shafin kamfani, 'yancin da Linux ya ba shi bai kai ga akwatin imel ɗinsa ba.