Gani Bai Kori Ji Ba: Ziyarar Wuraren Tarihi a Ƙasar Arewa

Idan baƙo ya sauka a Dumega, ya sha fura, ya huta gajiya, akwai tambayar da ke sa mai masauki sosa ƙeya: "To, ina za a kai ni in gani?" Sai a zaga da shi kasuwa in ranar cinta ce, a gangara fadama ya ga rake da rogo da mangwaro, a dawo gida. Na sha jin 'yan garinmu suna ba baƙi haƙuri, wai mu nan ba mu da abin kallo. Wannan haƙurin ne ya daɗe yana ci mini rai, domin ƙasar da muke zaune a cikinta cike take da tarihi, awon da muka aro ne ba ya kama shi.

Awon ya zo ne tare da abin da ake kira yawon buɗe ido, kuma sana'a ce mai tsarinta: a sayi tikiti, a bi ɗan rakiya, a tsaya gaban gini, a ɗauki hoto, a wuce. Wanda ke son ganin inda tsarin ya zauna daram sai ya dubi birnin Hue na ƙasar Biyetnam. Nan ne fadar sarakunan gidan Nguyen daga 1802 zuwa 1945, da ganuwarta da ƙofofinta, da kaburburan sarakuna a gefen kogi. Yaƙi ya ragargaza wurin a 1947, ya sake ragargaza shi a 1968, aka yi ta gyara, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1993. A Hanoi ma kurkukun Hoa Lo da Faransawa suka gina ya zama gidan tarihi. Ban ɗauko Biyetnam don nisanta ba. Nasaran da ya mulke su shi ya mulke mu, kuma 'ya'yan Nijar sun taka ƙasar cikin kakin sojan Faransa, irin su Seyni Kountché da Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Cabascabo labarin tsohon sojan da ya dawo daga can ne. Amma su tarihinsu yana zaune cikin tubali, ido yana iya cin rabonsa ko da baki bai buɗe ba. A wajenmu Agadas ta dace da wannan awon, shi ya sa ta shiga jerin UNESCO a 2013. Haka Birnin Damagaram, da fadar Jarmakoy ta Doso, da hasumiyar Gobarau a Katsina. Arewa kuwa ba ta dace ba.

Mutum ya tashi daga Dumega ya yi arewa, ya ratsa Tibiri garin Samna, ya hau kwalta a Kore Mairuwa, ya nufi Dogon Dutsi. Me idonsa zai gani? Kwarin Dallol Mauri, da gonakin gero, da jajayen tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, sai dutsen da garin ya ci sunansa. Kyau kam akwai shi, musamman da yamma a ƙarshen damina. Amma ba abin da zai gaya masa cewa ƙasar nan an kafa ta ne a kan iko biyu da suka zauna tare: na 'yan ƙasa, Gubawa, masu riƙe da al'amarin ƙasa da daji, da na 'yan sarauta masu doki da takobi. Sai an zaunar da shi an ba shi labarin Ari, ɗan sarkin Barno, wanda ya sauka Bagaji, Baura mai garin ya ba shi 'yarsa, aka haifi Akazama, wanda daga gare shi sarautar Sarkin Arewa ta faro. Sai an faɗa masa cewa Matankari ce mazaunin sarautar kafin Faransawa su mai da Dogon Dutsi cibiyar mulkinsu a farkon ƙarni na 20. In ba a yi haka ba, zai wuce Bagaji ya ce ya ga ƙauye, kuma bai yi ƙarya ba, ƙauyen ya gani.

Lugu ce inda wannan magana ta fi fitowa fili. Ƙaramin gari ne a cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kasari, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, a jikin tsaunuka. Masu riƙe da labarin wurin suna cewa Sarauniya ta farko, 'Yar Ƙasa, daga Daura ta taso da mutanenta, dutsen Tunguma yana nuna musu hanya, har ya tsaya a inda suka kafa gari. Tunguma shi ne dutsen shari'a: masu jayayya kan sata ko gona ko zargi sukan je gabansa, masu kula da shi su yi abin da suka gada, a karanta hukunci daga motsinsa. Sarauniya kuwa ba mai fada da dogarai ba ce. Tsohuwa ce cikin farin zane, a ɗakinta take zaune, tana kaɗin auduga, tana karɓar masu zuwa gaisuwa da masu buƙata. In ta rasu, ba taron masu zaɓe ake yi ba. Tarkama ake yi: a ɗauki gawar, a bi inda ta nufa, matar da ta tsaya a kanta ita ce magajiya. Haka ake naɗa Baura a Bagaji.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta iso Lugu a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, bayan ta bar toka da gawawwaki a garuruwan da ta ratso. A zamanin Sarauniya Mangu ne. Mutanen Lugu da maƙwabtansu ba su miƙa wuya ba, suka tare ta da kwari da baka, da abin ya yi tsanani suka shige kurmi da duwatsu inda bindiga ba ta da ta cewa. Bisa lissafin Faransawan da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, sannan a watan Yuli jagororin biyu suka mutu a hannun sojojinsu a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa, bayan sun harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su. Wannan shi ne abin da ya auku. Ba ganuwa a Lugu, ba igwa da aka bari, ba allon da aka rubuta sunayen waɗanda suka faɗi.

Daga nan ne aka sami Sarauniya biyu. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia, a 1986 Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A cikinsu Mangu matashiya ce, mayaƙiya, mai birni da runduna. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma ba Hausa Sarauniyar cikinsa take yi ba. Ba na cikin masu zargin Mamani. Marubucin ƙagaggen labari ne, ya faɗi cewa ya ƙaga, kuma ba don shi ba da sunan Mangu bai fita daga Arewa ba. Illar tana wajen mai ziyara. Yakan zo Lugu da fim a cikin kansa, yana neman fada da filin daga, sai ya tarar da bukkoki da tsohuwa mai mazari a hannu. Na taɓa raka wani malamin lakwal da ya zo daga Yamai, muna fitowa ya ce mini, "Malam, ashe iyakar abin ke nan?" Ban ji haushinsa ba, abin da aka koya masa ya nema shi ya nema. Amma ya tsaya gaban sarautar mata da ta girmi zuwan Nasara da ƙarnoni, wadda ba ta yanke ba har yau, ya fita bai san abin da ya gani ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A Lugu karin maganar ba ta aiki. Kuma mutanen dā sun san haka, domin tun kafin a ƙirƙiro yawon buɗe ido muna da tamu hanyar zuwa irin waɗannan wurare, da ladubbanta. Ba a faɗa wa gari haka kawai. Ana neman wanda zai yi wa mutum iso, a kai goro ko ɗan abin gaisuwa, a tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, a durƙusa a gaida manya, a faɗi daga inda aka fito da kuma ɗan wane ne. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin labarin da za a ba Ba'are ɗan Matankari daban yake da wanda za a ba baƙon da ba a san asalinsa ba, kuma wanda ya zo sau uku yakan ji abin da mai zuwa ɗaya bai ji ba. Ana auna wa mutum labari ne gwargwadon haƙurinsa. Masu binciken da suka samo abin kirki a ƙasar nan, irin su Marc-Henri Piault da littafinsa na tarihin Mauri, wato Arawa, a 1970, da Boubé Gado da ya tattara labaran Lugu, zama suka yi, ba leƙe ba. Mai tikiti da agogo a hannu ba zai iya wannan ba, kuma wayar da ake ɗagawa a ɗauki hoto kafin a yi sallama ita ce ta fi saurin rufe bakin tsofaffi.

Akwai kuma abin da ke hana mu kanmu zuwa, wanda ba mu cika faɗa da ƙarfi ba. Yawancinmu Musulmi ne, Lugu da Bagaji kuwa wuraren azna ne a bakin mutane. Adeline Masquelier, wadda ta zauna Dogon Dutsi, ta rubuta littafi guda a 2001 kan yadda bori da al'adun 'yan ƙasa suka ja da baya a gaban wa'azi. Yau saurayi zai yi tafiyar kwana zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato da farin ciki, amma ya ji nauyin a ce an gan shi a hanyar Lugu. Na fahimci tsoron, kuma ba na kiran kowa ya kai ƙararsa gaban dutse. Sai dai wanda ya je neman hukunci daban, wanda ya je don ya san inda kakanninsa suka fito daban. Na taɓa kawo wa wani dattijo a Dumega wannan damuwa, mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci. Ya ce, "Ɗana, kakarka ta wajen uwa can aka yanke mata cibi. In ka ƙi sanin wurin, ita ka ƙi." Mutanen da suka tsaya gaban Voulet da kibiya ba su tambayi addinin garuruwan da ke bayansu ba.

Hukuma kuwa ta ɗauki sunan ta bar garin. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunan Sarauniya a Yamai, kuma tun 2023 akwai lambar girma ta ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu. Tun 2006 Nijar ta sa Lugu a jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa, a nan maganar ta tsaya. Garin ya rage mutane, matasa sun tafi cin rani, kuma abin taimakon da ya samu ya fi zuwa ta hannun ƙungiyoyi irin su Tarbiyya Tatali. Baƙin waje kuma sun ɗauke ƙafa tun harin Kure na watan Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a yankin raƙuman dawa, ga kuma rashin kwanciyar hankalin da ya taɓa arewacin Dogon Dutsi. Maziyartan da suka rage mu ne.

Wannan bai dame ni ba kamar yadda ya dami masu lissafin kuɗin shiga. A Hue ana kaɗa kiɗan fada don masu kallo, kuma babu laifi, tunda sarkin da ake kaɗa wa ya sauka tun 1945. A Lugu mai wurin tana raye, al'adar tana aiki. Ranar da aka fara shirya wa masu kyamara kwaikwayon Tarkama, ko aka sa Tunguma ya motsa don a biya, ranar ce wurin zai mutu ko da motoci sun cika shi. Abin da ya dace da shi ƙarami ne: 'yan lakwal na Tibiri da Geceme da Dumega su je da malaminsu in hanya ta yi kyau, ɗan garin ne zai yi musu iso kuma shi za a biya, a zauna a saurara, a naɗi muryoyin tsofaffi da izninsu, da Hausar Arewa yadda suke yin ta, a ajiye kwafi a garin kafin a kai Yamai.

Ni dai na canza yadda nake karɓar baƙo. In ya ce a kai shi ya gani, nakan fara da Dumega kanta. Mu je tsohuwar rijiya a gaya masa zuriyar da ta haƙa ta, mu tsaya a kufai ya ji abin da ya tashi mutanen wurin, mu bi gonaki yana jin sunan kowace fadama da dalilin sunan. Bayan la'asar in kai shi zauren wani tsoho, in ce, "Baba, ga baƙonmu, yana son ya ji yadda aka zauna ƙasar nan." Sai a shimfiɗa tabarma. Sau da yawa kiran magariba ne ke tashinmu, tsohon bai ko iso zamanin Nasara ba, sai ya ce mu dawo gobe.