Masu Gwada Tsofaffin Bawul da Abin da Kunnensu Ke Ji

Tiransisto ya daɗe da korar bawul na gilashi daga rediyo da talabijin, amma a Turai da Amurka da Japan akwai masu sauraron kiɗa da suka ƙi rabuwa da shi. Al'adarsu ita ce su zare bawul daga amfilifaya, su cusa wani irinsa na wani kamfani, su sake kunna faifan da suka gama ji, sannan su yanke hukunci. Wanda aka fi yi wa wannan gwaji shi ne 12AX7, wanda kamfanin RCA ya fitar a ƙarshen shekarun 1940, Turawa kuma suke kira ECC83.

Hukuncin nasu ya riga ya zama karatu. Mullard na masana'antar Blackburn a Ingila, a cewarsu, sautinsa na da ɗumi da kauri, yana tausasa muryar mawaƙi. Telefunken na Jamus, mai alamar lu'ulu'u a gindin gilashi, ana yabonsa da tsabta da fitar da kowane kaɗi dalla-dalla. Amperex na Heerlen a Holan kuwa wai ya fi sakin sauti ya wataya. Da waɗannan siffofi ake sa farashi, har tsohon bawul da bai taɓa aiki ba yakan ninka sabo sau da yawa.

Ban ɗauki wannan a matsayin ruɗu ba. Bawul yana ƙara wa sauti wasu amo da ba su cikin asalinsa, kuma a da'ira mai bawul guda amon da ya fi fitowa ninki biyu ne na muryar asali, abin da kunne ke karɓa da daɗi. Idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, a hankali yake murƙushe sautin. Shi ya sa masu jita, da ke matsa wa bawul, suke da hujja mafi ƙarfi: amfilifayar Marshall mai bawul EL34 da Fender mai 6L6 da Vox AC30 mai EL84 kowacce da muryarta, ko da yake tiransifoma da lasifika da tsarin da'ira suna da babban kaso a ciki.

Inda nake ja da su shi ne amfilifayar sauraro a ɗaki. A can yawanci ba a matsa wa bawul, kuma na'urori da yawa suna mayar da wani ɓangare na sautin baya don gyara karkatarsa, wanda ke shafe akasarin bambancin. Ga kuma matsalar ƙarfi. Bawul biyu masu suna ɗaya ba sa ɗaga sauti daidai wa daida, musamman idan ɗaya ya ci shekaru, kuma kunnen ɗan Adam yana fifita wanda ya ɗan fi ƙara ba tare da ya sani ba. Kafin a zare wannan, a sa wancan, a jira ya yi zafi, ainihin sautin farko ya gushe daga ƙwaƙwalwa, saura sunan da ido ya gani.

Sunan ma ba abin dogaro ba ne. Kamfanin Philips ne ya mallaki Mullard da Amperex, kuma bawul na masana'anta ɗaya yakan fita da tambarin ɗayan. Masana suna duba ƙananan lambobin da aka zana a gilashi, inda harafin B ke nuna Blackburn. Yau kuma wata masana'anta a Saratov ta Rasha ce ke ƙera sababbi masu ɗauke da sunan Mullard, ban da 'yan damfara da ke buga tambarin jabu.

Ina son wannan al'ada domin tana koya wa mutum ya zauna ya saurara da gaske. Amma duk mai son shiga cikinta, ya daidaita ƙarfin sautin da ma'auni, ya sa wani ya canza masa bawul ba tare da ya gani ba, ya maimaita sau da dama. Idan ya iya tantance Telefunken a haka, to ya biya kuɗinsa da kwanciyar rai.