Masu Tattakin Asubahi

A watan Mayu, da ƙarfe huɗu da kwata na asuba, dubban mutanen Ireland kan fito cikin riguna ruwan ɗorawa, su taka kilomita 5 har gari ya waye. Kimanin mutum 400 ne suka fara wannan tattaki a Dublin a 2009. Kuɗin da ake tarawa na zuwa ƙungiyar Pieta, mai ba masu tunanin kashe kansu shawara kyauta.

Ni dai masu aikin sa kai ne suka fi burge ni. Tun dare suke tsaye cikin sanyi, suna jera kyandir a hanya, suna dafa shayi, don uwar da ta rasa ɗanta ta iso ta tarar ba ita kaɗai ba ce.